DAREN DA KWAMFUTA TA HAƊIYE MINI LITTAFI

Da farko ina mai ba da haƙuri ga ɗimbin masoyana da suka ishe ni da tambaya a kan abin da ya sa kashi na uku na littafina ya yi jinkirin fitowa, har wasu suna cewa wai ko aure na yi na manta da su. To ba aure ba ne, sai dai ku ci gaba da taya mu addu'a. Wani abu ne ya same ni, wanda da na san abin da na sani a yau da bai kai ni ga zubar da hawaye ba. Shi ya sa na ce yau bari mu ɗan jingine zancen soyayya in ba ku labari, tunda Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wata bakwai cur na yi ina rubuta littafin nan a wata tsohuwar laftof da na saya da kuɗin adashe. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta da wuta take aiki, da zarar an ɗauke ita ma ta mutu. Kullum Yayana sai ya yi mini faɗa a kan in sake batir, ni kuma kullum amsata ita ce sai na sayar da littafi. To a wani daren Alhamis, wajen ƙarfe ɗaya saura, gida ya yi tsit, na kai daidai wurin da jarumar labarin ta durƙusa a gaban mahaifinta tana neman gafara. Wallahi ina bugawa ina share hawaye, saboda maganganun suna zuwa mini kamar wani ne yake karanto mini su. Na danna wurin adanawa ke nan, sai ɗif! aka ɗauke wuta.

Ban wani damu ba, don ba yau aka fara ba. Na yi addu'a na kwanta abina. Washegari da hantsi aka kawo wuta, na kunna kwamfuta na buɗe Word, sai wani ɗan shafi ya fito ta gefen hagu ɗauke da wasu sunaye a jere. Ni kuwa ina sauri, na rufe shi. Ta tambaye ni da Turanci ko ta ajiye mini waɗannan fayiloli in duba daga baya, ko kuwa ta cire su. Ko tsayawa karantawa da kyau ban yi ba na zaɓi ta cire. Ki riƙe wannan wurin 'yar uwa, za mu dawo kansa.

Na danna sunan littafina, sai ta ce ba za ta iya buɗewa ba, wai akwai matsala a cikinsa. Na sake dannawa, haka. Na kashe na kunna, haka. Nan fa gabana ya faɗi ras, hannuna ya kama rawa. Sai na tuna ina da kwafi a filash, wanda na kai shagon buga takardu makonni uku da suka wuce. Na zazzage jaka na ɗauko na soka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Duk foldojina sun rikiɗe sun koma wasu 'yan alamu masu ƙaramar kibiya a gindi, na danna wannan na danna wancan babu abin da ya buɗe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, masu karatu da yawa sun riga sun biya kuɗin littafin ta zaurenmu na WhatsApp, kuma na riga na cire wani abu a ciki na biya wa Autarmu kuɗin jarrabawar fita sakandare. Idan littafi bai fito ba, da wane ido zan kalle su? A ina zan samo abin da zan mayar musu?

Auta ta leƙo ta gan ni na yi tagumi, ta ce, "Anti, ki yi wa filash ɗin fomat mana, ai haka 'yan ajinmu suke yi ya dawo sabo." Allah Ya taimake ni ban bi ta tata ba. Amma na yi wani gangancin, domin na jona intanet na dinga sauke manhajoji barkatai waɗanda aka ce suna gyara fayil, har guda uku, ina sa su a kan kwamfutar. Biyu suka ce sai na biya da dala, ɗaya kuwa ta cika mini fuska da tallace-tallace. Umma ce da ta ji shesshekata ta ɗaga labule ta ce, "Ke wai mutuwa aka yi ne? Maimakon kuka ba sai ki kira Yayanki ba?"

Yayana ya karanci fannin kwamfuta ne, kuma gyaranta ne sana'arsa. Ina gama yi masa bayani cikin kuka, abin da ya fara cewa shi ne, "Cire hannunki daga kanta. Ki kashe ta, ki zare filash ɗin, kada ki sake taɓa komai sai na zo."

ABIN DA KIKA GOGE YANA NAN

Bayan la'asar ya iso da tasa kwamfutar. Kafin ya taɓa komai sai da ya zaunar da ni ya yi mini wani bayani da ba zan manta ba. Ya ce in ɗauki ma'ajiyar kwamfuta kamar babban gidan haya mai ɗakuna rututu, mai gidan kuma yana da littafin da yake rubuta sunan kowa da lambar ɗakinsa. Idan kika goge fayil, abin da kwamfuta take yi kawai shi ne ta soke sunan a littafin, ta rubuta cewa ɗakin nan babu kowa. Amma gado da katifa da kwanuka duk suna ciki, babu wanda ya fitar da su, har sai ranar da aka kawo sabon ɗan haya aka zuba kayansa a kai. Kafin wannan rana ana iya shiga a kwaso kayan. Bayan ta kuwa, sai dai haƙuri.

Ya ce, "Kin gane yanzu? Duk abin da kika sauke, duk manhajar da kika sa, duk hoton da kika adana bayan abin ya faru, sabon ɗan haya ne kika kawo da hannunki." Jikina ya yi sanyi, na tuna manhajoji ukun nan.

Sannan ya dawo da ni kan ɗan shafin nan da na rufe da safe. Ashe Word tana da ɗabi'ar ajiye wani kwafi na gaggawa a ɓoye duk bayan minti 10, sai fa in mutum ya canza lokacin. Idan wuta ta ɗauke ana cikin aiki, da an sake buɗe ta sai ta miƙo wannan kwafin ta gefen hagu ta ce ga abin da ta ceto. Wato littafina ne sukutum, har zuwa mintunan ƙarshe, ta miƙo mini a faranti, ni kuma na ce ta zubar. Yaya ya nemi wannan kwafin da manhajar farfaɗo da fayil, ya ga sunansa, amma an riga an rubuta wani abu a kansa. Ban san lokacin da na ce "Wayyo Allah na" ba.

Ya ce in kwantar da hankalina ba a gama ba. Abu na farko da ya yi shi ne ya kwafi lalataccen fayil ɗin zuwa wani filash mai tsabta, ya kai kan tasa kwamfutar, ya yi kwafi uku, a kansu ya dinga gwaji. Na asalin ko taɓa shi bai yi ba. Ya duba girmansa ya ga yana da nauyi, ya ce alhamdu lillahi, da sifili ya nuna da babu komai a ciki. Ya gwada gyaran da Word take yi da kanta, ya ƙi. Daga nan sai ya nuna mini wani abin mamaki. Ashe irin fayil ɗin Word mai ƙarewa da docx, wanda aka fara amfani da shi tun fitowar Office 2007, ƙunshi ne kamar ƙullin kaya, da ƙananan fayiloli a ciki: rubutu daban, hotuna daban, tsarin shafi daban. Ya kwance ƙullin da wata manhaja kyauta mai suna 7-Zip, ya shiga foldar da aka rubuta wa word, ya zaro wani fayil mai suna document.xml. Yana buɗewa sai ga maganganun jarumata a tsakanin wasu tarkacen alamomi, kamar shinkafa a cikin tsakuwa. Rubutun ya tafi tiryan-tiryan har babi na goma sha takwas, daga nan ya yanke.

Filash kuwa, da Yaya ya gani dariya ya yi. Ya ce cuta ce da take yawo a shagunan buga takardu da wuraren tura waƙoƙi, ba ta cinye komai, ɓoye kayan mutum take yi ta ajiye masa na bogi, in ya danna na bogin ta shige kwamfutarsa. Ya wanke shi da manhajar kashe cuta, ya buga wani ɗan layi guda, sai ga foldojina sun dawo reras. Ita ma laftof ɗin sai da ya wanke ta, tunda na riga na danna. Da na bi shawarar Auta na yi fomat, da na ƙara wa kaina aiki a banza.

Muka haɗa na filash da wanda ya zaro, na kuma tuna na taɓa tura wa wata ƙawata babi na goma sha tara ta WhatsApp don ta duba mini, na kira ta ta dawo mini da shi. Abin da ya salwanta gaba ɗaya shi ne babin ƙarshe da rabin na kafinsa, shafi goma sha ɗaya. Na sake rubuta su cikin mako biyu, littafi ya fito, masu karatu sun yaba. Amma tsakanina da Allah, wancan wurin na neman gafara bai dawo yadda ya zo mini a daren Alhamis ba, ni kaɗai na san abin da na rasa.

IDAN TA FARU DA KE

To 'yar uwa, yau littafina ne, gobe yana iya zama aikin makarantarki, ko hotunan bikin yayarki, ko lissafin sana'ar Umma. Ga abin da na koya, kuma tun daga ranar na zauna na ƙara tambaya na rubuta.

Na farko, ki tsaya. Kada ki adana komai, kada ki sauke komai, kada ki sa sabuwar manhaja a kan ma'ajiyar da abin ya ɓace. Duk saƙon da kwamfuta ta nuna miki ki karanta shi a tsanake, in Turancin ya yi miki tsauri ki ɗauki hotonsa da waya ki nuna wa wanda ya sani. Tambaya ba ta rage wa budurwa kwarjini.

Na biyu, ki gano wace irin matsala ce, domin ba duka ne suke da magani ɗaya ba.

Idan gogewa kika yi bisa kuskure, ki fara duba kwandon shara da yake fuskar kwamfuta, in yana ciki ki danna shi da ɓangaren dama ki zaɓi Restore ya koma mazauninsa. In yanzu-yanzu kika goge, danna Ctrl da Z tare yana dawo da shi. Amma ki sani, abin da aka goge da Shift da Delete a haɗe ba ya biyawa ta kwandon, haka ma abin da aka goge daga filash ko memori. A nan ne ake neman manhajar farfaɗowa. Akwai Recuva, kyauta ce kuma tana da sauƙin sha'ani. Akwai PhotoRec ta wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier, ita ma kyauta, tana da naci wajen tono hotuna da takardu ko da an yi fomat na gaggawa, sai dai tana dawo da su ba da sunayensu na asali ba, sai kin bi ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Microsoft ma ya fitar da tasa a 2020 mai suna Windows File Recovery, amma ita da rubuta umarni ake sarrafa ta. Sharaɗi biyu ne a kan dukkansu: a sa manhajar a wani wuri daban, abin da aka ceto ma a zuba shi a wani wuri daban. In kika zuba a inda kike tonowa, kina binne sauran ne da hannunki.

Sai dai akwai wani hanzari. Kwamfutocin yanzu da yawa suna zuwa da sabuwar ma'ajiya da ake kira SSD, wadda ba ta da faifai mai juyawa. Ita mai gidan hayarta ba ya jira, da an soke suna yakan sa a share ɗakin ba da daɗewa ba. Saboda haka abin da aka goge a kanta aka kuma zubar da kwandon, da wuya ya dawo.

Idan kuwa fayil yana nan amma ya ƙi buɗuwa, ki fara yin kwafinsa, a kan kwafin za ki yi gwaji. A cikin Word ki je wurin buɗe fayil, ki zaɓe shi sau ɗaya, ki danna 'yar kibiyar da take jikin Open ki zaɓi Open and Repair. In tsohon fayil ne mai ƙarewa da doc, akwai zaɓin Recover Text from Any File, yana tsamo rubutu zalla ba tare da ado ba. Ki kuma gwada buɗe shi da wata manhajar, kamar LibreOffice ko Google Docs, domin wani lokaci abin da wannan ta ƙi waccan takan karɓa. In rufewa kika yi ba ki adana ba, ki shiga File, sannan Info, sannan Manage Document, za ki ga Recover Unsaved Documents. Kwana huɗu take riƙe irin waɗannan, don haka ban da jinkiri.

Wani abin kuma da yake tsorata mu marubuta Hausa, sai ki buɗe rubutu ki ga duk inda ƙ take ta koma }, ɗ ta koma ], ɓ ta koma ~. Wannan lafiyarsa ƙalau. An buga shi ne da tsohon salon haruffan Hausa irin su Rabi'at, kwamfutar da kika buɗe a kai kuma ba ta da shi. Da an sa mata salon, ko an bi an musanya alamomin da haruffa masu lanƙwasa na yanzu, shi ke nan.

Idan filash ne ya koma 'yan alamu masu kibiya, kada ki danna ko ɗaya. A fara wanke shi da manhajar kashe cuta, sannan a buɗe baƙin allon rubuta umarni da ake kira cmd a buga wannan: attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma a maimakon E a sa harafin da kwamfutarki ta ba filash ɗin. In kuma kin soka filash ko memori kwamfuta ta ce sai an yi fomat kafin a yi amfani da shi, ki ce a'a. Sau da yawa littafin sunayen ne ya yage, kayan suna ɗaki, kuma PhotoRec tana iya kwaso su.

Na ƙarshe kuma mafi haɗari, idan kika ji cikin kwamfuta yana ƙas-ƙas-ƙas ko yana gurnani, ko tana sandarewa duk lokacin da kika taɓa wani fayil, ki kashe ta nan take. Tsohuwar ma'ajiya, wadda masu gyara suke kira had-dis, faifai ne a ciki da yake juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da yake shawagi a samansa, tazarar da take tsakaninsu ko ƙwayar ƙura ta fi ta kauri. In hannun ya fara gogar faifan, kowace kunnawa ƙara kankare kayanki take yi. Kada a buɗe shi a gida, balle da ƙurar hunturun nan tamu. Kada a bubbuga shi. Kada kuma a sa shi a firiza kamar yadda wasu suke faɗa, raɓa ce za ta taru a ciki ta ƙarasa shi. Wannan aikin ƙwararru ne, kuma mai gyara na kirki yakan fara ɗaukar kwafin ma'ajiyar ne gaba ɗaya kafin ya gwada komai.

KI KULA DA SIRRINKI

Tunda mun zo kan masu gyara, akwai maganar da ta zama dole in yi da ku ƙannena. Yadda ake iya tono littafina da ya ɓace, haka ake iya tono hoton da kika goge bara kina ganin ya tafi. Masu gyara da yawa mutanen kirki ne masu riƙon amana, amma ba a shaidar kowa. Idan za ki kai gyara, ki tafi da yayanki ko wani babba, ki faɗi ainihin fayil ɗin da kike nema, in da hali a yi a gabanki. Kada ki bayar da memori kyauta ko ki sayar da kwamfuta don kawai kin goge kin zubar da kwandon shara, sai an yi mata sharewa ta musamman wadda take rubuta wani abu a kan tsohon. Mafi alheri dai, hoton da ba za ki so Abba ya gani ba, kada ma a ɗauke shi. Mutuncin 'ya mace madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

MAI JEGO TA CECI KAMFANI

Kada ki ɗauka mu masu tsohuwar laftof kaɗai abin yake samu. A shekarar 1998, a kamfanin Pixar da yake Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ana tsakiyar aikin fim ɗin zane mai suna Toy Story 2, wani ya buga umarnin gogewa a inda bai kamata ba. Suna kallo kayan fim suka dinga ɓacewa, kafin a kashe na'urar kusan kashi 90 cikin 100 ya tafi. Suka garzaya ga ajiyar kamfani, sai suka tarar ta daɗe ba ta aiki daidai ba wanda ya lura. Ana cikin wannan ruɗani sai wata babbar ma'aikaciyarsu mai suna Galyn Susman ta tuna tana da kwafi a kwamfutar gidanta, domin ba ta daɗe da haihuwa ba, daga gida take yin wani aikin tana renon jaririnta. Aka je aka naɗo kwamfutar a bargo aka sa a mota aka kawo ta a hankali kamar ƙwai. Fim ɗin ya fito a 1999. Kin ga duk kuɗinsu da iliminsu, kwafi ɗaya da yake wani gida daban shi ya fitar da su kunya.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Masana suna da wata ƙa'ida da suke kira 3-2-1. Duk abin da kike ji da shi ya zama kina da shi guda 3, a kan ma'ajiya iri 2, kuma guda 1 ya kasance ba a gidanku ba. Ga yadda ni nake yi yanzu, kuma bai ci mini ko sisi ba sai kuɗin data. Ɗaya yana kan laftof. Ɗaya yana filash da ba ya zuwa shagon kowa, na shago daban ne. Ɗaya kuma duk daren da na yi rubutu sai na tura shi Google Drive, wanda yake ba kowa gigabait 15 kyauta, ko in tura wa kaina ta imel. Duk ranar Juma'a nakan buɗe na ajiyar in tabbatar yana buɗuwa, saboda darasin mutanen Pixar.

Ban da haka, na daina tara littafi guda a fayil ɗaya, kowane babi da nasa, kuma ina sa kwanan wata a jikin sunan. Na mayar da ajiyar gaggawa ta Word daga minti 10 zuwa minti 3. Yatsuna sun saba da Ctrl da S kamar yadda baki ya saba da bisimilla. Ba na fizge filash sai na sallame shi ta wurin cirewa kwamfuta ta ce to. Na kuma daina sayen filash mai arhar banza, domin akwai na jabu da za a rubuta masa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar kaya kamar gaske, sai ranar buɗewa ki tarar da wayam, kuma irin wannan babu manhajar da take dawo da shi tunda tun farko bai shiga ba. Akwai 'yar manhaja mai suna H2testw da ake gwada sabon filash da ita kafin a amince masa. Mai kwamfutar tebur kuwa ta daure ta sayi UPS, wadda take riƙe wuta na 'yan mintuna har a adana a kashe.

Batir kuwa, kuɗin farko da ya shigo na littafin shi na saya. Da na kai wa Yaya ya sa mini, sai ya kalle ni ya yi murmushi ya ce, "Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho." Na ce na ji Yaya, na kuma gode. Auta ma ta zana jarrabawarta lafiya, yanzu ita ce take yi wa 'yan ajinsu wa'azi a kan fomat.

Don haka 'yar uwa, kafin ki kwanta yau, ki tambayi kanki wane abu ne a kwamfutarki ko wayarki wanda in ya ɓace za ki yi kuka, ki tashi ki yi masa kwafi tun wuta tana nan. Wadda kuma take da tambaya ko wani labari makamancin wannan ta rubuto mana, za mu buga a fili na gaba in Allah Ya yarda. Allah Ya tsare mu da asara, Ya ba 'yan makaranta sa'ar jarrabawa, Ya haɗa kowa da rabonta na alheri, amin.

Taku har kullum, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.